Sikila da fargaba

Duk mai sikila ya san hunturu ba abokin tafiyarsa ba ne. Da iskar Disamba ta fara kaɗawa a Gombe, tun kafin ƙashina ya motsa gabana ke faɗuwa, barci ya ƙaurace, in kwana ina lissafin ranar da za a sake ba ni gado. Mama ta ce in yawaita addu'a, na yawaita, ban kuma daina ba. Likitana a Asibitin Koyarwa na Tarayya ne ya fara ce min fargabar nan ita ma ciwo ce mai magani, ya tura ni sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

A ɓoye na je, kun san mutanenmu, da sun ji sai su ce ta taɓu. Ashe zama ne da hira. Matar da na samu a can ta sa na riƙa rubuta tunanin da ke tayar min da hankali, mu bi shi ɗaya bayan ɗaya: wanne ne gaskiya, wanne ne tsoro kawai? Ta koya min jan numfashi a hankali in ƙirjina ya cushe.

A wurinta na gane maganar aure ta fi ciwon cin raina. Saurayi ya zo da zafinsa, a yi gwajin jini ya fito AS, wato zai iya gadar wa 'ya'yanmu sikila, shi ke nan. Ƙawayena suna bautar ƙasa, ni ina layin karɓar hydroxyurea, maganin rage tashin sikila.

Zama na gaba ranar Talata ne, Yaya ya ce zai kai ni a mashin.