Abin da Neptune da Vulcan Suka Koya Mini

A duk karatun fiziks da na yi, babu labarin da ya zauna mini a rai kamar na Urbain Le Verrier, masanin taurari ɗan Faransa. An lura duniyar Uranus tana ɗan kauce wa hanyar da dokar Newton, wadda ke bayyana ƙarfin da abubuwa ke jan juna da shi, ta tsara mata. Le Verrier ya zauna da alƙalami da takarda, ya ce tilas akwai wata duniya a bayanta da ke janta, har ya faɗi inda za a duba. Daren 23 ga Satumba 1846, Johann Galle, masanin taurari ɗan Jamus, ya saita na'urar hangen nesa a Berlin, sai ga Neptune, tazararta da wurin da aka ce ba ta wuce digiri ɗaya ba.

A 1859 Le Verrier ya ga irin wannan gocewar a duniyar Mercury. Ya sake bin dabarar da ta yi masa rana, ya ce akwai wata duniya kusa da rana, aka raɗa mata Vulcan. An yi shekaru ana nema, wasu har suka ce sun hango ta. Ashe babu ita. Sai a Nuwamba 1915 Einstein ya nuna cewa dokar Newton ce da kanta ke gazawa a kusa da rana. Shi kuwa tun 1907 ya fara, da tunanin mutumin da ke faɗowa daga sama, wanda ba ya jin nauyin jikinsa.

Giɓin iri ɗaya ne a wurare biyun. Alƙaluma za su nuna maka akwai matsala, amma ko duniya ce ta ɓuya ko doka ce ta kasa, wannan aikin kanka ne.

Yanzu yayi ya koma cika kwamfuta da bayanai ta tsinto tsari, kuma ina girmama hakan: manhajar kwamfuta ta AlphaFold ta hasko siffofin furotin, masu ita suka sami kyautar Nobel a 2024. Amma ina ganin ɗalibai a ɗakin gwaji sun rataye ƙarfe a zare, sun ƙirga lilonsa da agogo, sun ja layi tsaf a takardar graf. Ka tambaye su me ya sa sauya nauyin ƙarfen bai sauya lokacin lilon ba, sai shiru. Alhali amsar tana nan cikin tunanin da ya kai Einstein ga maganar mai faɗowa. Shi ya sa yanzu, kafin ɗalibi ya taɓa agogo, sai ya rubuta mini abin da yake tsammanin zai faru da dalilinsa, sannan mu auna mu gani.