Alkakin gidanmu

Ni dai a kayan zaƙi babu wanda ya kai mini alkaki. Ɓarzajjiyar alkama nake murjewa da ɗan mai, in zuba nono mai tsami, in kwaɓa da tauri, in rufe ta kwana. Mai gaggawa ba ta samun ɗan tsamin nan da ke karya zaƙi. Da safe in sa ruwan kanwa kaɗan, in mulmula, in naɗe, in soya a wuta marar ƙarfi don cikin ya soyu. Da zafinsa nake tsoma shi a dafaffen sukari mai tsamiya, don kada sukarin ya daskare. Inna kuwa zuma take sa wa na garar amarya, amma zuma ta yi tsada yanzu.