Inda na kai da shafin ruwa a kan zaren kabon

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da aiki. Har yanzu ina kan batun kamu tsakanin zaren kabon da rezin, wato ruwan ƙaron da ake zuba wa ƙyallen zaren ya daskare su zama faranti.

Zaren kabon ƙarfi gare shi matuƙa, amma fatarsa santsi ce, ba ta yarda ta manne da komai cikin sauƙi. Kaurin sili ɗaya maikiromita 5 zuwa 7 ne (maikiromita 1,000 ne milimita ɗaya), kuma damin da ake kira 3K sili 3,000 ne a cikinsa. Idan rezin bai riƙe su ba, nauyin da aka ɗora wa farantin ba zai isa ga zaren ba, sai aikin ya ɓare daga ciki. Shi ya sa masana'anta ke yi masa siririn shafi tun kafin a naɗe shi, galibi ifoksi (wani nau'in rezin) da aka tsinka a ruwa, wato shafin ruwa, wanda sau da yawa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin zaren ba.

Na wanke ƙyallayen zaren kabon da asiton, wani sinadari mai narkarwa, don shafin masana'anta ya fita. Wani na bar shi haka, wani na tsoma shi a ruwan ifoksi mai tsinki, wani a mai kauri. Da na zuba rezin ya daskare, sai na karya su na duba bakin karayar da madubin ƙara girma. Wanda ba shafi, silin ya zaro fes, babu ɗigon rezin a jikinsa. Mai kaurin ya sandare tun yana ƙyalle, ya ƙi kwanciya a lungun mazubi, rezin kuma da ƙyar ya ratsa shi. Mai tsinkin ne ya karye tare da rezin ɗinsa, kuma a ganina nan ne hanya.

Sai dai ku kula da bushewa. Shafin ruwa ba ya hawa kai da wari, ba ya kama wuta kamar asiton, amma ruwa yana maƙalewa tsakanin silin ko da saman ya bushe. Idan ya saura, kumfa zai bari a cikin farantin. Ni dai ina busarwa da ɗumi, ina ɗorawa a sikeli, har sai nauyin ya daina raguwa.

In za ku yanka, ku sa takunkumi, ku nisanta kwamfuta, domin ƙurar kabon tana ɗaukar lantarki.

Gwaji na gaba da rezin poliyesta ne, tunda shafin da aka yi domin ifoksi ba lallai ya dace da shi ba.