Na je Jojiya duba ƙanina, na ɓige da ƙirga shaho

Kwana huɗu kenan da dawowata Kano amma har yanzu da na fito tsakar gida sai na ɗaga kai sama. Ni fa ƙanina na je dubawa, yana karatun likita a Batumi, bakin Bahar Aswad. Hanya ba wani labari, in banda wani jami'i a filin jirgi da ya riƙe fasfona kusan awa guda yana juya shi ko kallon fuskata bai yi ba, Allah ya isa kawai na ce a raina.

Ranar Asabar yaron nan ya ce "Yaya tashi mu je ka ga abin mamaki". Muka hau ƙaramar bas ɗinsu da suke ce wa marshrutka zuwa wani ƙauye Sakhalvasho, sai hawa, gangaren ya fi na Gwauron Dutse nesa ba kusa ba. A can sama muka tarar da samari da 'yan mata daga ƙasashe daban daban, kowa da madubin hangen nesa da ɗan abin dannawa a hannu kamar kawuntar tazbaharmu. Wai tsuntsu suke ƙirgawa, kuma kyauta, ba mai biyansu!

Da rana ta ɗaga sai ga su. Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba, sama ta yi baƙi, suna ta kewaye suna hawa ba sa ko kaɗa fiffike, in sun kai ƙololuwa sai su zube kudu a jere. Wata baturiya ta min bayani, wai zafin da ke tasowa daga ƙasa suke hawa, kan teku kuwa babu shi, to ga teku a gefe ga duwatsun Kokasas a ɗaya gefen, dole kowa ya bi ta wannan ɗan tsukin. Tun 2008 suke wannan ƙirga, daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, kuma sama da miliyan 1 ke wucewa duk kaka. Farkon Satumba muka je, lokacin wani shaho mai tone gidan rina ya cinye 'ya'yan. Har shirwa na gani, kusan irin tamu mai ɗauke 'yan tsaki, duk Afirka suka nufa.

Nan fa jikina ya yi sanyi. Muna yara ungulu cike take a kwata, yau fa? Ta ɓace mana a garin nan ba wanda ya rubuta ko guda nawa ce, abin ya tsaya min a rai sosai.

Da muka sauko wata dattijuwa ta jawo mu gidanta, shayi, inabi, da wani burodi mai cuku da ƙwai a tsakiya, na miƙa kuɗi ta ɓata rai kamar na zage ta. Amma mai tasin da ya maido mu gari, hmm, ko ɗan Kwari ba zai ninka farashi haka ba, sai da ƙanina ya yi masa yarensu ya sauko rabi.

Juma'a a masallacin Orta muka yi. Lahadi jirgi zuwa Istanbul, Abuja, sai gida.