Kalma guda ta ci min jikka 1200, shi ya sa na koyi Italiyanci

Mutane na ta tambayata wai Alhaji me ya kai ka koyon Italiyanci da girmanka, ko ƙaura za ka yi ne? Ba inda za ni wallahi, ina nan Maradi cikin warin fata da gishiri kamar yadda na gada wurin Baba. Haushi ne ya sa ni, kuma har yau bai gama sakina ba.

Duk wanda ke harkar nan ya san fatar jar akuyarmu ba ta da na biyu, mu tara ta daga Tasawa da Dakoro da Gidan Rumji, a loda kamyo ta Dan Isa sai Kano, a jeme ta a Challawa ko Sharada, daga can mafi yawa Italiya take nufa. Mu dai namu a ƙirga a ba mu kuɗi, ba mu taɓa jin muryar mai sayen ƙarshe ba. To bayan wata sallar layya wani dillali ya haɗa ni da wani Bature ɗan Italiya kai tsaye, na aika masa samfur, bayan kwanaki sai ga saƙon murya a WhatsApp, Faransancinsa gurgu ne yana yi yana cusa yarensu, amma kalma guda ya yi ta nanatawa har sau uku: morbida, molto morbida.

Ni da ɗan Faransancina na lakwal sai gabana ya faɗi. Na kira ƙanena da ke aikin majo a asibiti na ce kai morbide fa me take nufi? Ya ce Yaya ai abin da ya shafi cuta ne. Shi ke nan na ce kirci ne mutumin ya gani a fatun, kuma dama akwai biyu-uku da raina bai kwanta da su ba. Ban tambayi kowa ba, ban jira gari ya waye ba, a daren na rubuta masa ina ba da haƙuri, na ce na rage dala 60 (dala guda sefa 5 ce, jikka kuwa dala 200) a kan kowace fata don kada ciniki ya watse. Fata 4000. Ku yi lissafin da kanku. Mutumin ya amsa da grazie mille, wato godiya mai yawa, da hoton hannu biyu a haɗe, ni kuwa har da hamdala wai na tsira.

Sai bayan wata huɗu wani ɗan unguwarmu da ya yi shekaru yana aikin gonar tumatir a wajen Foja can Italiya ya zo ganin gida, muna shan shayi na kunna masa saƙon. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce Alhaji morbida ai laushi ke nan, yabon kayanka yake, cewa yake fatar ta yi laushi ƙwarai! Wato mutum na yaba min haja ni kuma ina zabge masa kuɗi da hannuna. Ban ga laifinsa ba fa, ɗan kasuwa ne, ko ni aka yi wa haka shiru zan yi. Kaina nake jin haushi.

Washegari na sa Duolingo a waya, na kuma ɗauki yaron nan muna zama bayan isha'i kafin ya koma. Abin da ya ba ni mamaki bakinmu na Hausa ya fi Faransanci taimako wajen furuci. Yadda aka rubuta haka ake karantawa, ba a yawan haɗiye haruffa kamar Faransanci, r ɗinsu irin tamu ce ta kan harshe, c ɗin cento da ciao ita ce c ɗin ciniki. Sannan suna ninka harafi ma'ana ta sauya kamar yadda muke da baba da babba, sete ƙishirwa ne sette bakwai, capello gashi cappello hula, kunnenmu ya riga ya saba da wannan. Ƙirga ma ta fi sauƙi, settanta ottanta novanta kai tsaye, ba wani sittin-da-goma ko ashirin-sau-huɗu irin na Faransanci, sai dai a kula da sessanta da settanta a waya, 60 da 70 ne, ni yanzu duk farashi sai an rubuto min shi da lamba.

Amma Faransancin nan shi ne ramin. Yana kai ka da sauri don kalmomin sun yi kama, sai ka saki jiki ya kada kai. Salire hawa ne ba ɓata abu da dauɗa ba, fermare tsayarwa ne ba rufewa ba, pelle ita ce fatar kanta alhali a lakwal shebur muka san ta. Ina da ƙaramin kaye da nake rubuta irin waɗannan mayaudaran, kuma kun san wadda ke shafin farko da jan biro.

Yanzu shekara biyu ke nan. Ba zan ce na iya ba, fi'ilansu na wahal da ni, kuma na taɓa ce wa wani dattijo tu, wato kai, maimakon Lei na girmamawa sai da na ji muryarsa ta sauya. Amma ina jin me ake cewa game da kayana, na san conceria majema ce, na san Solofra da Santa Kuroce su ne garuruwan jima, kuma burina in je baje kolin Lineapelle a Milan in ga inda fatun Dakoro ke ƙarewa. Watan jiya mutumin nan ya sake kira, ya sake cewa morbida. Na ce masa lo so, na sani, na ƙara dala 40. Ya biya. Saura dala 20 ina binsa.