Tsanin naɗewa da ƙarar sakata

Asabar, da dare.

Yau tsanin nan mai naɗewa ya sha aiki. Na alminiyam ne, kashi huɗu, kowane kashi mataki uku, gaɓoɓi shida ne ke riƙe da shi, uku a kowane gefe. A wurina rayuwar mai hawa gaba ɗaya a kan gaɓoɓin nan take.

Ƙanina ya zo taya ni. Da ƙwan fitilar silin muka fara, sai ya buɗe tsanin ƙafa biyu, har ya ɗora ƙafa. Na ce, "Dakata, ka ji sakata ta shiga a duka gefen?" Ya ce, "Haba Yaya, ai ga shi ya tsaya." Tsayawa daban, kullewa daban. Da muka duƙa muka duba, gaɓar hagu ta tsakiya ba ta kama ba, yashi ya cushe bakinta, harshen sakatar ya maƙale rabi a waje. Muka kaɗe shi da buroshi, muka sake buɗewa, sai ga ƙarar, ƙwas! Duk da haka sai da na bi shidan ɗaya bayan ɗaya da ido, na girgiza tsanin, kafin na bar shi ya hau. Gaba ɗaya jikina ya yi sanyi, don tsani irin wannan ba ya gargaɗi, naɗewa kawai yake yi da mutum a kai.

Bayan azahar muka miƙe shi sambal don share indararo. A naɗe muka kai shi wurin, nesa da wayar lantarki, tunda wutar lantarki na bi ta jikin alminiyam. Ƙa'idar jinginawa ɗaya cikin huɗu ce: in kan tsanin ya taɓa bango a tsayin mita 4, gindin ya ja baya mita 1, wato kusan digiri 75. Wanda kuma zai taka rufi, sai tsanin ya zarce bakin rufin da mita 1, ya samu abin kamawa. Takardar da ke manne a jikinsa ta nuna EN 131, wato ƙa'idar ingancin tsani ta Turai, da iyakar nauyin da zai ɗauka, kilo 150, kuma nauyin nan har da bokiti da kayan aiki, ba mutum kaɗai ba.

Ni na hau, shi ya riƙe gindi. Ƙafa biyu da hannu ɗaya kullum a jikin tsani, cibiya ba ta wuce sandunan gefe. Inda hannu bai kai ba, na sauko mu matsar. Akwai gajiya, amma hakan ya fi.

Ya so mu lanƙwasa shi kamar tebur mu yi fentin saman taga kafin magariba. Na ƙi, domin faifan ƙarfen da ake shimfiɗawa a kai ba ya hannunmu, kuma ba zan bari ya tsaya a kan matakai tsirara ba. Fenti sai an kawo faifan.