Abin da ribas ke kawowa daga rumbun bayanai, da abin da yake barowa a can

Manhajar haɗa bayanai, ko Oracle Data Integrator ce, ko Informatica PowerCenter, ko Talend, ba ta iya ɗaukar layi ko guda daga wannan wuri ta kai wancan sai ta san fasalin teburan da za ta taɓa: sunayensu, ginshiƙansu, nau'in abin da kowane ginshiƙi ke ɗauka, da mabuɗan da ke haɗa su. Babu mai zama ya rubuta duk wannan da hannu a rumbun da ke da ɗaruruwan tebura. Sai ka haɗa manhajar da rumbun, ka danna maɓalli, ta je ta karanto fasalin ta jera maka. Wannan shi muke cewa yin ribas, wato reverse-engineering a Turance. Aiki ne na 'yan mintoci, kuma sauƙinsa ne ke sa a ɗauka an gama. Abin da aikin ya koya mini shi ne, ribas yana kawo abin da rumbun ya faɗa game da kansa ne kawai, a lokacin da aka tambaye shi, kuma gwargwadon abin da asusun da ya yi tambayar ke da izinin gani.

Na fi sabawa da Oracle Data Integrator, wato ODI, wanda asalinsa na kamfanin Sunopsis ne kafin Oracle ya saye shi a 2006, don haka da shi zan fi ba da misali. Hanyoyin ribas biyu ne a cikinsa. Ta farko ta dogara ne da direban JDBC, wato ɗan tsakanin da manhajar ke bi ta yi magana da rumbun: manhajar tana kiran getTables da getColumns da getPrimaryKeys da getImportedKeys, duk amsar da direban ya bayar ita za ta rubuta. Ta biyu kuwa tana amfani da abin da ake kira RKM, wanda tarin tambayoyi ne a SQL, harshen da ake tambayar rumbu da shi, da ke shiga kai tsaye cikin ƙamus ɗin ma'ajiyar, wato inda rumbun ke ajiye bayanin fasalinsa, ya zuba sakamakon a teburan wucin gadi irin su SNP_REV_TABLE da SNP_REV_COL, daga nan a ɗora su cikin samfurin, wato kwafin fasalin rumbun da ODI ke riƙewa. Da farko na ɗauki bambancin a matsayin na sauri kawai. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Direban JDBC na Oracle, alal misali, ba ya dawo da bayanan da masu ginin rumbun suka rubuta a kan tebura da ginshiƙai sai an kunna masa remarksReporting, haka kuma ba ya fito da ginshiƙan teburin da aka iso gare shi ta laƙabi, wato suna na biyu da aka ba teburin, sai an kunna includeSynonyms. Ke nan za ka iya yin ribas ya kammala lafiya lau, babu jan rubutu ko ɗaya, amma duk abin da ke cikin ALL_COL_COMMENTS, inda wani bawan Allah ya ɓata lokacinsa ya bayyana ma'anar kowane ginshiƙi, ya zauna a can.

Batun asusu ma haka yake. A Oracle ƙamus ɗin hawa uku ne: USER_ na abin da ka mallaka, ALL_ na abin da aka ba ka izini, DBA_ na komai da komai. Idan asusun da manhajar ke shiga da shi ba shi da izini a kan wani tebur, ba za a ce maka an hana ka ba, teburin ne kawai ba zai fito a jerin ba. Shi ya sa yanzu kafin in buɗe manhajar nake neman mai kula da ma'ajiyar ya ba ni adadin teburan da ke cikin sikimar, wato rukunin teburan da zan yi wa ribas, in na gama ribas in ƙirga nawa.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne nau'o'in bayanai, domin a nan ne kuskure ke shiga ba tare da ƙara ba. Ɗauki ginshiƙin da aka ayyana shi NUMBER kawai, ba a faɗi yawan lambobinsa ba. A ALL_TAB_COLUMNS, inda ƙamus ɗin ke jera ginshiƙai, za ka tarar da gurbin DATA_PRECISION babu komai, direban kuwa a wasu kiraye-kirayen yakan nuna shi da tsawo 0 da ma'auni -127, wanda alama ce ta cewa ba a ƙayyade ba. Manhajar dole ta mayar da wannan wani abu idan za ta gina teburin wucin gadi a wata fasahar daban. In ta zaɓi nau'in da ba ya ɗaukar ɗigo, 12.75 ya zama 13 ke nan, lodi ya wuce, kowa ya tashi. Sai ƙarshen wata masu lissafi su zo suna cewa jimlar ba ta yi daidai da ta asali ba, bambancin kuma ɗan kaɗan ne, wanda ya fi wuyar bi. DATE na Oracle ma yana ɗauke da lokaci har zuwa daƙiƙa, alhali DATE na PostgreSQL ko SQL Server rana ce zalla. Suna ɗaya, amma in aka haɗa su kai tsaye awa da minti sun tafi. Ga kuma VARCHAR2(20), wanda zai iya nufin baiti 20 ko harafi 20, sai ka duba CHAR_USED za ka sani. A tsarin UTF-8 harafi irin é ko ƙ baiti biyu yake ci, don haka sunan da ya shiga can cif-cif zai iya ƙin shiga nan.

Tagogi, wato tambayoyin SQL da aka adana aka ba su suna ana karanta su kamar tebur, su ma suna da nasu halin. Rumbuna da yawa ta taga suke ba ka bayanai, ba sa bari ka taɓa teburin ainihi, kuma taga ba ta zuwa da mabuɗi. A rumbun Teradata ma, in ka duba DBC.ColumnsV za ka ga ginshiƙan taga ba su da nau'i a rubuce, sai an bi ta wata hanyar kamar HELP COLUMN kafin a samu. Wannan na cikin dalilan da suka sa RKM na kowace fasaha ya fi hanyar gama-gari amfani a rumbu.

To amma ko da an samu kowane nau'i daidai, akwai abin da ƙamus ɗin bai taɓa sani ba balle ya faɗa. Rumbun da aka gina bisa tsarin tauraro, irin wanda Ralph Kimball ya yaɗa, teburin ma'auni ne a tsakiya, mai ɗauke da alƙaluma irin na ciniki, teburan siffofi kewaye da shi: na abokin ciniki, na kaya, na kwanan wata. A kan takarda kowane haɗi mabuɗin alaƙa ne, wato ginshiƙin da ke nuna layi a wani tebur. A zahiri sau da yawa ba a ayyana su, don kada su rage wa lodi gudu, ko a ayyana su a kashe. Amazon Redshift da teburan Snowflake na yau da kullum suna karɓar babban mabuɗi, wanda ke bambanta kowane layi da saura, da mabuɗin alaƙa a matsayin sanarwa ce kawai, ba sa tilasta su. Matsalar ta rabu biyu ke nan. In ba a ayyana ba, ribas zai kawo maka tebura kowanne a tsaye shi kaɗai, kai za ka zana haɗin. In an ayyana ba a tilasta ba, zai kawo maka mabuɗin da ke cewa babu maimaici, alhali babu wanda ya taɓa hana maimaicin shiga. Ni dai a ganina ta biyun ta fi haɗari, domin wanda bai ga mabuɗi ba zai je ya yi tambaya, wanda ya gani kuwa ya yarda ke nan. Duk mabuɗin da ribas ya kawo, sai na gwada shi da GROUP BY da HAVING COUNT(*) > 1 in ga ko akwai maimaici, kafin in gina komai a kansa.

Teburan siffofi masu riƙe tarihi su suka fi nuna wannan giɓin. A irin wanda ake kira nau'i na 2, idan abokin ciniki ya canza adireshi ba a goge tsohon layinsa, ana rufe shi da ranar ƙarewa a buɗe sabo. Mutum ɗaya zai iya samun layi uku, lambarsa ta asali ɗaya, mabuɗin rumbu kuma, wato lambar da rumbun ke ba kowane layi, daban-daban. A wurin ƙamus, waɗannan ginshiƙai ne kamar saura: lamba biyu, kwanan wata biyu, da wata tuta mai 0 ko 1. A ODI kai ne za ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ce wannan mabuɗin rumbu ne, wannan lambar asali, wannan in ya canza a buɗe sabon layi, wannan a rubuta a kansa. Wanda bai san haka ba ya haɗa teburin ma'auni da lambar asali, cinikin mutumin nan zai fito sau uku a rahoto, SQL ɗin kuma babu aibi a cikinsa. Amsar tana wurin wanda ya tsara rumbun, kuma tambayar da nake fara yi masa ita ce: layi guda a teburin nan me yake wakilta?

Saura batun tsufa. Abin da ribas ya kawo hoto ne, rumbun kuwa yana ci gaba da canzawa bayan an ɗauka. A ODI maimaita ribas ƙari yake yi, ba ya share abin da ya riga ya shiga. Sabon ginshiƙi zai bayyana, amma wanda aka cire daga rumbun yana nan zaune a samfurin, taswirar lodi, wadda ke faɗa wane ginshiƙi zai tafi ina, tana ta ambatonsa, sai ranar da aka gudanar da ita Oracle ya amsa da ORA-00904. In sunan aka canza, za ka wayi gari da biyu, tsoho da sabo. Akwai hikima a wannan, don sharewa kai tsaye za ta karya taswirori da yawa a lokaci guda, sai dai ta bar maka aikin tsaftacewa. Kuma a kula da rumbun da aka nufa lokacin ribas, domin na gwaji da na aiki ba kasafai suke zama iri ɗaya ba, ko da an rantse maka.

Abin da muka koma yi shi ne, muna ajiye kwafin ALL_TAB_COLUMNS da ALL_CONSTRAINTS na ranar da aka yi ribas. Kafin a saki kowane sabon aiki sai a sake ɗauko su a kwatanta ta ɓangarorin biyu da MINUS, umarnin SQL da ke fito da abin da ke nan amma babu shi a can. Teburan da suka nuna bambanci su kaɗai ake zaɓa a sake musu ribas, ginshiƙan da suka ɓace kuma a bi taswirorin da ke amfani da su tukuna kafin a cire su da hannu.